Norman da Ƙauyen da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Norman Heslop ya yafe wa kowa a ƙasar Ingila ban da ƙanensa. Ni Sheila zan iya ba da shaida, domin na fi shekara talatin ina zuba wa mutanen ƙauyen Skelby Moor giya a kulob ɗin 'yan haƙar kwal, kuma babu abin da kunnena bai kwasa ba a bayan kantar nan.

A yajin aikin 1984, lokacin da aka tashi rufe ramukan kwal, Norman da ƙanensa Dennis tare suka ajiye aiki. Tare suke tsayuwa bakin rami da asuba, tare suke shan miyar da mu mata muke dafawa a kulob. Da hunturu ya tsananta, saura ƙiris yajin ya ƙare, sai wata safiya aka hango Dennis cikin motar da 'yan sanda ke rakawa, wadda ke kai masu komawa aiki. Norman yana cikin waɗanda suka bubbuga jikin motar. Daga ranar bai sake ce wa ƙanensa uffan ba, haka ma sauran ƙauyen. A wurinmu wanda ya koma aiki ba a ɓata baki a kansa bayan ranar farko, daina ganinsa ake yi. Ya yi gaisuwa a juya masa baya, ya shiga kanti a yi tsit sai ya fita. Ni dai ina amsa masa, wanda abin ya ɓata wa rai ya je ya zuba wa kansa giya.

Ramin bai daɗe ba aka rufe shi. Norman ya yi tuƙin motar burodi, daga baya ya yi gadi a wani katafaren sito da aka gina daidai kan ramin da ya ci ƙuruciyarsa. Gidansu 'yan jam'iyyar Leba ne, jam'iyyar ma'aikata, tun daga kakansa, amma da shekaru suka ja sai ya ce sun manta da mu. Ya jefa ƙuri'ar ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai, sannan a 2019 ya dangwala wa jam'iyyar da ke mulki lokacin yajin. Ranar da ya faɗa mini, saura kaɗan in kwara masa giyar a ka.

Na ce, “Norman, mutanen da suka turo maka dawakin 'yan sanda ka ba su ƙuri'arka, amma Dennis da kuka sha nono ɗaya ba za ka ce masa sannu ba?”

Ya ce, “Su ai abokan gaba ne, aikinsu suka yi. Shi fa? Zuba mini kawai, Sheila, ba wa'azi na zo saya ba.”

'Yarsa Gillian tana aiki a Newcastle, tana ƙera wasannin kwamfuta irin waɗanda mai wasa ke zama wani mutum a cikin labari, ya yi yawo, ya yi magana da mutane, ya zaɓi abin da zai yi. Bara ta zo kulob da kwamfutarta ta ce za ta yi wasa a kan yajin, tana son shawarar tsofaffi. Sai ga dattawan da ko wayarsu ba su iya kunnawa sun zama gwanaye. Wannan ya ce a sa maɓallin jifan ɗan majalisa da ƙwai. Wancan ya ce babban dodon wasan ya zama ɗan siyasa, wanda ba ya fitowa sai lokacin zaɓe, in ka buge shi ba ya mutuwa, launin laktayensa kawai yake canzawa. Aka yi ta dariya har da masu tari.

Norman bai yi dariya ba. Ya ce, “A wasan naki, mutum zai iya komawa aiki?”

Ta ce, “Zai iya, Baba. In babu zaɓi ai ba wasa ba ne.”

“To in ya koma, kada kowa ya ƙara amsa masa. Ko mace, ko yaro, ko mai kanti. Har wasan ya ƙare.”

“Haba Baba, wa zai zauna yana buga wasan da ba a kula shi? Kashewa zai yi.”

“Ya kashe mana. Haka aka yi, haka za ki sa.”

Ta rubuta. Sannan ta ce tana bukatar dalilin da zai sa mutum ya hau motar, me ya sa Baffa Dennis ya koma? Norman ya dubi sauran dattawan, kowa ya sunkuya yana kallon kofinsa. Shekara arba'in ana horon mutum, ashe babu wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Ranar na wanke kofuna da ƙarfin da har na fasa ɗaya.

Kafin ta gama wasan, huhun Dennis ya kwantar da shi, irin ciwon da ƙurar kwal ke bar wa mazajenmu, wanda ya yi yaji da wanda ya koma. Aka kai shi gidan jinya, likita ya ce sai dai a yi ta addu'a. Na faɗa wa Norman sau ba adadi. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai shi ba shi da ƙane.

Wata Asabar da rana Gillian ta kawo wasan a gwada. Ta haɗa shi da talabijin ɗin kulob, ta miƙa wa babanta abin dannawa, ta nuna masa maɓallin tafiya da na gaisuwa. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne ta fara masa wasan daga ranar da mutuminsa ya sauko daga motar masu komawa aiki. Ga ƙauyenmu nan a allo, har da kulob da cocin kan tudu. Norman ya tura mutuminsa wurin mai kanti ya danna gaisuwa, mai kanti ya juya baya. Ya je wurin wata mata mai shanya, ta kwashe kayanta ta shige. Ya ce, “Gillian, abin nan naki ya lalace.”

Ta ce, “Bai lalace ba, Baba. Dokarka ce.”

Bai ajiye ba. Ya bi layi ƙofa ƙofa, har ya isa wani gida mai koren ƙyaure, inda wani mutum ke tsaye da hula irin ta Norman da ƙyallen wuya irin nasa. Ya danna, mutumin ya juya baya. Ya zagaya ta gabansa ya sake dannawa, mutumin ya sake juyawa. Ya yi ta dannawa. Daga ƙarshe ya ce a hankali, “Kai, ɗan'uwanka ne fa.”

Da zai fita ya tsaya a bakin kantar giya ya ce mini zai je gidan jinyar, amma sai ya yi aski, sai kuma ya samo abin da zai ce. Na ce masa Dennis ba askinsa yake jira ba, ya tafi yanzu. Ya ce Asabar mai zuwa. Dennis ya rasu tsakiyar makon, kuma har yau ina jin haushin ban ja Norman da kwalar rigarsa na jefa shi a mota ba.

Waɗanda suka je jana'izar ba su cika benci biyu ba. Norman ya zo da sabon askinsa ya zauna a baya.

Bayan nan ya roƙi Gillian ta gyara wasan, mai hular nan ya amsa. Ta ce me zai ce? Ya yi kwanaki yana tunani, abin da ya samo shi ne, “Dennis, shigo ka sha shayi, akwai sanyi.” Da muryarsa ta ɗauka ta saka. Yanzu kusan kullum da rana yakan zo ya roƙe ni in kunna masa, ya bi layin shiru har ƙofa mai koren ƙyaure, ya danna, ya ji kansa yana faɗin haka. Daga nan wasan ba ya gaba, domin Gillian tana jiran ya faɗa mata amsar da Dennis zai bayar.

Rannan na ce masa, “Ka ba yarinyar nan amsa mana, ta ƙarasa aikinta.”

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “Sheila, na yi ta ƙoƙari in ji yadda zai faɗa. Na manta yadda muryarsa take.”