Laifin Kabureta

A tashar masu ɗaukar kaya Baba Direba ake ce masa, ko da yake kowa a wurin direba ne. Akori-kurarsa ta girmi rabin waɗanda ke bin layi da shi. Da ita ya yi aure, da ita ya kai matarsa asibiti tafiyar da ba ta dawo ba, da ita kuma yake kwasar bulo da siminti har yau.

Ɗansa ɗaya ne, yaro mai ƙaiƙayin hannu. Shi ya cire kaburetar asali, wadda ke shayar da inji mai, ya ɗora wata babba, wai don motar ta daina nishi a kan tudu. Ta kuwa daina. Sai dai ba a jima ba ta fara shan mai kamar an huda tanki. A gaban mutanen tasha Baba Direba ya dube shi ya ce, "Ka lalata min mota. Hannunka bai taɓa gyara komai ba." Yaron bai rufa wata ba ya sami aiki a wani gari mai nisa, ya tattara ya tafi. Tun daga nan sai gaisuwar waya jefi-jefi, ya gida ya aiki, a kashe.

Tsohuwar kaburetar tana nan cikin kwali a ƙarƙashin gado. Mayar da ita aikin hantsi ɗaya ne. Bai mayar ba. Sai ya shiga yawon gareji. Duk bakaniken da ya ɗaga murfin inji sai ya nuna kaburetar ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ga ɓarawon nan a fili." Shi kuwa ya rufe murfin ya tafi ransa a ɓace. Mutanen tasha suka ce taurin kai ne na tsufa. Ba su gane ba. Ba gyara yake nema ba, wanda zai ƙaryata shi yake nema. Muddin shi ke da gaskiya, ba shi da abin da zai kira ɗansa ya faɗa masa.

Wata rana aka yi masa kwatancen wani bakanike a bayan kasuwar katako, ana ce masa Mai Kunne.

"Baba, wannan ai sa'ar kakata ce," in ji Mai Kunne yana zagaya motar. "Me ke damunta, ciwon gwiwa?"

"Irin halinku gare ta. Ci da yawa, aiki kaɗan."

"To Allah ya ba mu lafiya, ni da ita."

Ya kalli kaburetar, bai yi dariya ba. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tsumma. "Da kaburetar ce ke ambaliyar mai, da waɗannan sun yi baƙi ƙirin. Duba, kalar ƙasa ce." Ya bi tiyon mai da yatsa har tanki, babu yoyo. Ya tsuguna ya shinshina salansa. Sannan ya ce su ɗan zaga.

A gangara ya ce wa Baba Direba ya cire giya ya ɗaga ƙafa. Maimakon motar ta sulale, sai ta yi ta ja da baya kamar akuyar da ake kai wa kasuwa. Da suka dawo Mai Kunne ya taɓa ƙarfen tayar baya, ya fizge hannu yana yarfewa don zafi. Ya sa jak ya ɗaga ta, ya tura tayar da hannu biyu. Da ƙyar ta motsa.

"Baba, wa ke ɗaure maka birkin baya?"

"Ni. Tun da na fara ɗaukar bulo. Ba na ba kowa birkina."

"Ai kuwa ka riƙe shi da kyau. Kana taka totur, shi yana riƙe da ƙafarta. Ina mai zai tsaya? Wanda ya ɗora kaburetar nan kuwa ya san aiki, kar ka bari a taɓa ta."

Baba Direba ya juya baya, ya daɗe yana kallon tulin tsofaffin tayoyi.

Mai Kunne ya sassauta birkin. Da Baba Direba ya fito daga garejin ya tsaya a gefen titi, ya kashe inji, ya kira ɗansa.

"Baba? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Birki ne."

"Birkin me? Haɗari ka yi?"

"A'a. Man da motar nan ke sha. Birkin baya ne, ni na ɗaure shi. Ba kaburetarka ba ce."

Baba Direba na jiyo hayaniyar mutane ta can ɓangaren.

"Wace kabureta? Au. Baba, motar nan tana nan har yanzu? Na ɗauka ka sayar."

"Tana nan."

"To madalla. Ina wurin aiki ne, zan kira ka anjima."

Ya riƙe wayar a kunne bayan ta mutu. Mantawa yaron ya yi da gaske, ko ƙin karɓa ne ya lulluɓe da ladabi? Muryar ba ta nuna ba.

Ya tayar da mota. Ta yi sakayau, ko totur bai cika takawa ba take tafiya. Ya isa gida tun rana da sauranta, ya buɗe ƙofa, ya zauna a tsakar gida ya ajiye wayar a kan gwiwa.