Kwamfutoci Ashirin, Lamba Ɗaya

Ko zan manta komai na zamanin 'yanmatancina, ban da wata safiyar Asabar a cibiyar kwamfutar da na fara aiki a Wudil.

A lokacin mafarki ya yi mini yawa. Littafin soyayya ba ya barin jakata, na ma riga na yanke cewa mijina dogo ne, mai baƙar mota da ƙamshin turare. Ranar nan ɗalibai mata ashirin za su zo daga Kausani su gwada jarrabawa a kwamfuta, sau ɗaya tak kafin ta gaske. Yawancinsu ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Babbar kwamfuta ɗaya muke da ita, a cikinta ake ƙirƙirar ƙananan kwamfutoci na manhaja, kowace ɗaliba da tata a allon gabanta. Na haɗa ɗaya tsaf, na kwafe ta har ashirin. Duk wadda na kunna sai ta tambaye ni: kwafo ta na yi, ko wuri na sauya mata? Hankalina yana kan babin da jarumin littafina zai bayyana sirrin zuciyarsa, na dinga danna na biyu.

Yara suka zauna, aka yi bismillah. Allon wannan ya buɗe, na waccan ya ɗauke, can kuma su yi musaya. Wata ta kifa kai tana kuka.

"Baiwar Allah," in ji malamarsu, "ƙarfe ɗaya mai motarmu zai juya. Haka za su koma?"

Nan take na kira injiniyan da ke duba mana sadarwa. Ya iso a tsohon babur, gajere, hannunsa na ƙamshin soyayyen kifi. Ya leƙa alluna uku kawai ya yi dariya.

"Malama, 'ya'ya ashirin kika haifa, kika raɗa musu suna ɗaya. In an kira wa zai amsa?"

Ya ce kowace kwamfuta, ko ta manhaja ce, tana da lambarta ta MAC, da ita na'urar rarraba saƙo ke gane wadda za ta kai wa. Da na ce kwafi ne, da kowacce ta sami sabuwa.

Na miƙe in ba shi kujera, ya ƙi.

"Ke kika haife su, ke za ki yi suna."

Ɗaya bayan ɗaya na kashe, na ba ta sabuwar lamba, na kunna, yana tsaye yana duba kada biyu su zo ɗaya. Alluna suka daidaita, babu wanda ya ƙara ɗaukewa. Kafin azahar kowacce ta gama gwajinta, mai kukan nan har da ɗago mini hannu ta tagar mota.

Injiniyan yau shi ne uban 'ya'yana, kuma duk haihuwa sai ya ce in duba da kyau kada in maimaita suna. Abin da ranar ta koya mini shi ne in karanta tambaya kafin in amsa, ta kwamfuta ce ko ta mutum. Tasa ta neman aure da ta zo, sai da na karanta ta sau biyu, sannan na ce na yarda.