Ranar da muka gyara teburin Yaya Bello

Ku sababbin yaran shago, ku ajiye alli ku saurara. Har gobe ban manta da Larabar da Oga Manu ya sa muka gyara teburin wasan sunuka na shagonmu na Illo ba.

Aikina a shagon shi ne naku yanzu: in jera ƙwallaye, in goga wa sanduna alli, in share ƙyallen tebur. Gwaninmu kuwa Yaya Bello ne. Ba ya noma, ba ya fataucin komai, sandarsa ce ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Na rantse in ya duƙa kan tebur, ƙwallo da kanta take neman rami don tsoro.

Teburin nan tun shekarar da ruwa ya shigo gari ƙafarsa ɗaya ta nutse. Kowace ƙwallo sai ta ɗan karkata hagu. Baƙi kan yi ta zagi, mu mun saba. A kansa Yaya Bello ya koya, a kansa ya girma.

Bayan ƙaramar Sallah wani mai otal ya aiko daga ƙasar Benin cewa zai zo ya ga wasansa. In ya gamsu, zai ɗauke shi ɗan wasan otal, da albashi da ɗaki. Oga Manu ya ce ba za mu ji kunya ba. Da safen ranar da baƙon zai zo ya kira kafinta, muka ɗaga tebur har na ji bayana ya rabu biyu, aka cusa katako a ƙarƙashi, aka gwada da ma'aunin magina. Tebur ya miƙe sambal. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Yaya Bello, don a ganinmu gata muka yi masa.

Bayan la'asar baƙo ya iso da nasa ɗan wasa. Bugun farko, Yaya Bello ya auna gefen dama na rami kamar kullum, yana jiran ƙwallo ta karkato. Ta wuce abinta. Na biyu ma haka. Ya ɗago ya dube ni.

"Kai Lawali, mi kunka yi ma teburin ga?"

"Gyara shi munka yi, Yaya."

Oga Manu ya ce, "Bello, buga mana! Ko ido ne?"

Yaya Bello ya san abin da ya faru, amma hannunsa ya ƙi yarda. Zufa ta jiƙa rigarsa. Ɗan wasan baƙon ya cinye shi tas. Baƙon ya sha lemonsa, ya yi godiya, ya hau mota.

Oga ya ce a cire katakon. Yaya Bello ya ce a bar shi. Yanzu yana Kaoje, yana yankan shinkafa a gonar kawunsa.

Don haka in kun ga yaro mai hannu, ku kore shi ya je ya buga a teburin Bagudo, da na Sharabi, da na ƙetaren iyaka. Mu mun riƙe namu gwanin a tebur ɗaya muna tafa masa, har ranar da aka zo ɗaukarsa.