Malam da Ƙafafun Masu Sayen Tsire

Har ranar da za a ɗauke ni, ba na jin zan manta da wata Asabar ta watan Yuli a rumfar tsirenmu ta bakin teku. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata in ta ga ina kuka ta ci gaba da rubutunta. Shekara biyu ke nan da rasuwar mai gidana, Malam Isa, har yau ban iya ambatonsa ido a bushe ba. Allah ya jiƙansa. Na ji yaranmu da yawa za su tafi aikin hutu bana, shi ya sa na ce bari in ba ku wannan.

Garin bakin tekun yana gabas da Washington, sai an haye wata doguwar gada. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba yake da rai. Abin da mai shago ya samu a watannin nan shi zai ci har shekara ta zagayo. Da an koma makaranta sai a buga katako a ƙofofi, ba ka jin komai sai kukan tsuntsayen ruwa. Garin nan kuwa, da manyan otal-otal ɗinsa, a kan 'yan makaranta yake tsaye. Su ke sayar da askirim, su ke wanke kwanuka, su ke zama kan doguwar kujera suna gadin masu wanka.

A rumfarmu Malam ne mai wuta. Ni ce mai haɗa yaji da zoɓo. Sai mai taga, wanda ke karɓar oda ya miƙa kaya. Sama da mu duka akwai manajar ginin, wata dattijuwar Baturiya. Ita ta kafa mana doka: tunda yajinmu da ƙuliƙuli, kuma a ƙasar nan akwai waɗanda gyaɗa ke iya kashewa, dole a ware ƙaramin murhu da wuƙa daban, a riƙa gasa naman gishiri zalla.

Mai tagarmu a shekarar ita ce Bilkisu, 'yar shekara goma sha shida, 'yar wani likita ɗan ƙasarmu a garin Largo. Ubanta ya sa hannu a takardar izinin da hukuma ke nema ga yaron da bai kai sha takwas ba, ya kawo ta da kansa ya ce, "Malam, amana ce." Ya kuma ce mata in aka dawo da ita da ƙorafi, ita da aiki sai ta gama makaranta. Kun dai san mutanenmu. Yarinyar da aka koro daga wurin Malam Isa, kafin Juma'a maganar ta isa har garin Gaithersburg.

Yarinyar ta iya aiki. Laifinta ɗaya: tana kallon mutane cikin ido. Ƙato zai zo ba riga, ruwa na zuba daga gashinsa, ta dube shi ta yi dariya ta tambayi sunansa. Malam yana juya nama yana salati ƙasa-ƙasa.

Da safen Asabar ɗin ya ce mini, "Hajiya, gobe za ta koma gida. Me zan gaya wa ubanta?"

Na ce, "Ka gaya masa ka kawo rumfa wurin wanka ka tarar ana wanka."

Bai yi dariya ba. Ya tura ta baya yankan albasa, ya ba ni wuta, shi ya tsaya taga. Bilkisu ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, me na yi?" Ya ce, "Ba ki yi komai ba, albasa ce ta yi yawa." Ta zauna tana yanka tana hawaye, albasar ta rufa mata asiri.

Malam yana jin Turanci, don lokacin sanyi tasi yake tuƙawa a Washington. Amma a tasi fasinja a bayanka yake, kuma da rigarsa. A nan kuwa a gabanka yake, abin da ke jikin wasu matan bai isa ɗaure kan jariri ba. Sai Malam ya ƙirƙiro dabararsa: ba ya ɗaga kai, ƙafa yake kallo. Ina jin sa yana kiran oda: "Biyu na mai baƙin silifas. Ɗaya na mai tabo a diddige." Har azahar abin yana tafiya, yana waiwayo ni yana murmushin wanda ya yi nasara.

Sai wata mata ta zo da ɗanta ƙarami ta ce na gishiri take so, yaron ba ya shiri da gyaɗa. Ta maimaita. Malam ya ce ya ji, ya kira mini: "Na gishiri, mai jan silifas." Na gasa a ƙaramin murhu, na naɗe na ajiye. Abin da bai lura da shi ba, shagon da ke jikin namu silifas yake sayarwa, kuma a makon jajaye ya karya wa farashi. Rabin layin nan jan silifas ne. Wata daban ta matso, ya miƙa mata na gishirin. Uwar yaron ta matso, ya miƙa mata mai yaji. Ta yi godiya ta juya.

Ni bayana ke wajen taga. Bilkisu kuwa ko daga cikin albasa fuska take kallo. Sai na ji wuƙa ta faɗi. Bilkisu ta fita ta ƙofar baya a guje tana kiran sunan yaron, don ta ji uwar ta kira shi a layi. Ta cim musu ya riga ya zare tsinke, ta fizge daga hannunsa. Yaron ya fasa kuka. Uwar ta taso mata, sai da ta ga jan yajin a hannun Bilkisu ta zauna a ƙasa ta rungume ɗanta.

Manaja ta zo. Ta tambayi wa ke taga. Malam ya ce shi ne. Ta ce, "Ba ka ga matar ba?" Ya ce, "Na ga ƙafarta." Ta daɗe tana dubansa, shi kuwa yana duban takalminta. Ta ce lallai ta ga yarinyar a taga gobe, in ba haka ba mu nemi wani ginin baɗi.

Da muka rufe, ya kira Bilkisu ya ce, "Gobe ki koma wurinki. Amma ki rage dariyar." Ta ce, "Baba, dariyar ce ke sayar da naman." Ya ce, "To, ki yi rabi." Ubanta bai ji komai ba sai yabo. Malam kuwa har ya bar duniya bai yarda dabararsa ce ta gaza ba, mai shagon silifas yake ɗora wa laifi. Amma na ga ya kwana uku bai iya cin tsire ba.

Abin da aikin ya koya mini, wanda zai ci daga hannunka sai ka san fuskarsa, ko da me ya zo. Kunyarmu mai kyau ce, amma ba ta gane ɗan da gyaɗa za ta shaƙe. Yaran nan da muke cewa ido ya buɗe musu da yawa, da buɗaɗɗen idon ake riƙe garin nan, mu ma da shi muka ci abinci.

Da aka yi rasuwar Malam, Bilkisu ta zo gaisuwa, ta zama babbar mace. Ta durƙusa a gabana ta sunkuyar da kai kamar yadda Malam ya so tun farko, ta kasa ɗagowa. Sai da na kama haɓarta na ce, "Ɗago, 'yar nan. Ba ya nan, ni kuma fuskarki nake so in gani."