Matar da ke Ƙarƙashin Teburin Osvald

Shekara talatin da ɗaya Birte Skovgaard ta yi tana neman abincinta a kwance, kuma kada kowa ya kai zuciyarsa nesa. A rigingine take kwanciya ƙarƙashin wani dogon tebur mai labule har ƙasa, a ɗakin ɗaukar shirin yara na talabijin a Aarhus, ta zura hannunta na dama ta wani rami. A kan hannun nan Osvald yake zama, hankakan tsumma mai ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san shi. Shida saura kwata na yamma, iyaye na fama da tukunyar dankali, yara sun yi dafifi gaban talabijin, sai Flemming mai jita ya ɗauko waƙa, Osvald ya karɓa ya dagula ta. Ya sa baitin ƙarshe a farko, ya ce saniya ce ke saka ƙwai. Yara goman da aka gayyato su kaure da ihu, "Ba haka ba ne, Osvald!" sannan su rera masa daidai. Shirin ke nan kaf, ba ƙari.

Abin haushin shi ne Birte ta iya waƙa. Shekara huɗu ta yi a makarantar kiɗa, malamanta na cewa za a ji ta a manyan zauruka. Ta karɓi aikin hankaka na wata uku kafin wani abu ya samu, wata ukun nan ne har yau. Kuma ɓata waƙa da gangan ba ƙaramin aiki ba ne, sai wanda ya san inda daidai yake zai iya kauce masa yadda yaro ɗan shekara uku zai kama shi.

Dokar gidan ɗaya ce, ba a taɓa ta: yaro ba zai ga mai hannun ba. Tun kafin a shigo da su take shigewa, ba ta fitowa sai an kwashe su. Fuskokinsu a wani ɗan ƙaramin allo take gani kusa da kanta. Abin da take gani da idonta ta ƙasan labule safa ce kawai, mai ratsi, mai huji, wata ma ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗiya.

Tana da ɗa guda, Troels, kuma shekara shida rabon da ya kira ta.

Yana ɗan shekara bakwai motar ubansa ta zame a kan ƙanƙara. Birte ta dawo daga asibiti da rana tsaka, ta tarar da yaron a kicin yana cin burodi da cuku. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, shiru. Akwai wani Osvald na biyu da take ajiyewa a gida don gwaji, sai ta tsinci hannunta a cikinsa. Hankaka ya leƙo ta bayan kujera ya ce da muryarsa ta gwangwani, "Troels, Baba ba zai dawo ba." Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, bakinsa cike da burodi. "Ba haka ba ne, Osvald!" Ya juyo yana kallon uwarsa, yana jira ta faɗa masa daidai.

Daga ranar duk maganar da ta yi nauyi ta bakin hankaka take bi. Faɗa ne, ban haƙuri ne, barka da cin jarrabawa ne, Osvald. Ita a ganinta sauƙaƙa masa take yi. Har ranar aurensa, da aka buga cokali a jikin kofi aka ce uwar ango ta yi jawabi, sai ga bakin Osvald mai rawaya ya fito daga jakarta. Baƙi suka yi dariya har da hawaye. Troels ya bi ta inda ake rataye riguna, fuskarsa fara fat.

"Mama, ko yau? Ko yau ɗin ma ba za ki yi mini magana ba?"

"Haba Troels, ai kowa ya ji daɗi."

"Kowa kam ya ji. Ranar da kike da abin faɗa da bakinki, kin san lambata."

Ta san ta kuwa, a ka ma. Ta ɗaga waya ya fi a ƙirga, da ta fara ringi sai ta ajiye. Surukarta Lene, matar Troels, ce ke turo kati duk Kirsimeti daga Esbjerg, da hoton wata yarinya a ciki, Dagmar. Birte ta jera hotunan biyar a jikin firiji, tana shan kofin safe a tsaye a gabansu. Tana kewar yarinyar da ba ta taɓa ɗauka ba, kewa irin mai hana mutum jin ɗanɗanon abinci, tana kuma kewar uban yarinyar fiye da haka.

Wata Talata a watan Maris, ana ta yayyafi, ta shige ƙarƙashin tebur kamar kullum. Aka shigo da yara, Flemming yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar suna.

"Ke fa, mai kitso biyu?"

"Dagmar. Da jirgin ƙasa muka zo, ni da Babana."

Birte ta kalli ɗan allon. Fuskar jikin firiji ce, tana motsi, tana sosa hanci. Safarta kore, taku biyu daga kan Birte. Flemming ya kaɗa jita ya ɗauko waƙar jirgin ruwan da ya ɓata a hazo, ya dakata inda Osvald ke shigowa. Osvald ya buɗe baki, amma muryar da ta fito ba ta gwangwani ba ce. Muryar mace ce, a hankali, tas, kowane baiti a wurinsa, tun daga farko har jirgin ya iso gida. Ɗaki ya yi tsit. Yara sun shirya ihu, an hana su abin yi wa ihu.

"Ba shi da lafiya ne?" in ji Dagmar.

Mai ba da umarni ya tsayar da ɗauka. Flemming ya yi kamar zai ɗaure takalmi, ya cusa kai ta gefen labule.

"Ke tsohuwa, suma kika yi a nan ƙasa? Shekara talatin kina kashe mini waƙa, yau kika ga damar raya ta?"

"Jikata ce, Flemming."

Ya dube ta, ya dubi hawayen da ke gangara cikin kunnuwanta, don haka mai kwance yake kuka. "To share majina ki ɓata mana waƙar nan da kyau. Kada ki kunyata yarinya a gaban ƙasa."

Ta ɓata ta kuwa, ɓatawar da ba ta taɓa yi ba. Jirgi ya hau bishiya, matuƙi ya auri kifi. Muryar Dagmar ce ta fi ta kowa ƙarfi wajen gyara.

Aka gama, aka fara fitar da yara, ita tana kwance doka ta danne ta. Tana jin takunsu na nisa, tana tsoron kada su wuce tasha kafin ta fito. Da ƙofa ta rufe ta jawo jiki da ƙyar, baya ya ƙage, hannu ya mutu har kafaɗa. Ta zare Osvald ta bar shi a kan tebur, ta fita ba ko takalmi.

Ta same su a ƙarshen baranda. Troels ya durƙusa yana sa wa yarinyar takalmin ruwa. Ya yi furfura a gefen kai, ba wanda ya gaya mata. Ya ɗago ya gan ta, bai miƙe ba.

"Lene ce ta rubuta wa gidan talabijin," ya ce. "Ba ni ba."

Yatsun hannunta na dama suka fara buɗewa da rufewa da kansu. Ta kama su da na hagu ta matse.

"Troels." Muryar ta fito a shaƙe, ba daɗin ji. "Ranar nan a kicin. Ni ya kamata in gaya maka. Babanka ya mutu, ni kuma na ji tsoro na ɓuya, na bar ka kai kaɗai. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana gyara takalmin da ya riga ya shiga. Dagmar ta laɓe a bayansa tana leƙen tsohuwar nan mai hargitsattsen gashi.

"Baba, wace ce wannan?"

"Kakarki ce."

Yarinyar ta yi nazarinta sama da ƙasa, ba ta ga abin burgewa ba. "Kin san Osvald?"

"Na ɗan san shi."

"Ki ce masa ya zo bikin haihuwata. Ranar Asabar zan cika biyar. Akwai kek."

Birte ta kalli ɗanta. Ya miƙe, ya ja zif ɗin rigar yarinyar har wuya, ya share ido da bayan hannu kamar ruwan sama ne ya shigar masa.

"Shi ta gayyata," ya ce. "Sai dai ban ga yadda hankaka zai hau jirgin ƙasa shi kaɗai ba. Akwai na tara da kwata." Ya kama hannun 'yarsa, suka yi taku biyu, ya waiwayo. "Mama, idan kun iso, ki bar shi a jaka sai mun gama cin abinci."