Ƙofar da Sabuwa ta zana a katanga

Duk wanda ya san Sabuwa a Bagudo, da shinkafa ya san ta. Tun tana budurwa take turara gumi tana shanyawa, har ta yi jikoki ba ta sake sana'a ba. Ni maƙwabciyarta ce, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani.

Ranar da ta ce mini ta shiga bitar koyon zane, dariya na yi har da riƙe ciki. Wata malama ce, Abosede, Bayarabiya mai faran-faran, take tara mutane ranar Asabar a wani ajin firamare, ta raba musu fenti da buroshi. Na ce, ke Sabuwa, da furfurarki za ki koma wasan yara? Ta ce hannunta ne ke ƙaiƙayi. Sharaɗi guda ta kafa wa malamar: ba za ta zana abu mai rai ba, ko da kaza ce.

Ashe abin zai shige ta. Sai in tarar da ita zaune gaban tukunya, tururi na tashi, ita kuwa ta lula wata duniya, tana tambayata wai wane launi ne da hayaƙi in rana ta ratsa shi. Ni ina ruwana! Har Birnin Kebbi ta taɓa zuwa wata bitar, ta dawo farcenta duk shuɗi.

Amma akwai abin da ke cin ta. Mahaifiyarta, Inna Rahmatu, a wata tunga aka haife ta a bakin kogin Kwara, dab da iyakar Benin, kuma ruwa ya daɗe da cinye tungar. Tsufa ya taɓa hankalinta. Da la'asar ta yi sai ta zura takalma ta ce za ta gida, uwarta na jiranta. An sha tsinto ta a hanya. Ranar da masunta suka dawo da ita zaninta jiƙe har gwiwa, Sabuwa ta ce mini tsoro take ji, wata rana kogi ba zai mayar mata da uwa ba.

Daga nan ta rataya tabarmi a katangar da ke kallon ɗakin tsohuwar, ta shige bayansu da gwangwanayen fenti. In ta ga hankalin Inna ya ɗan dawo, sai ta lallaɓa ta da tambaya kan gidansu na tunga: ta wane gefe giginya take, wane launi ne ƙyauren? Abosede ma ta leƙo, ta nuna mata yadda ake sa ruwa ya yi nisa.

Da aka sauke tabarmin, ni mai yi mata tsiya sai da na jinjina mata. Ga bangon jar ƙasa, ga koren ƙyaure a rufe, ga giginya, ga kwalekwale a kife, can baya kogi ya miƙe har ya haɗe da sama. Wallahi sai na ji kamar iskar ruwa na taɓa mini fuska.

La'asar ta yi, Inna ta fito da takalmanta. Ta tsaya cak. Sannan ta taka a hankali har gaban ƙyauren, ta gyara mayafi, ta yi sallama. Shiru. Ta sake yi, ta kasa kunne. To wa zai amsa? Gida ne da babu kowa a ciki, ko inuwar mutum Sabuwa ba ta zana ba. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, tsohuwar ba za ta tsaya a ƙofar da ba a amsa mata ba.

Ta juyo gare mu. "Sun ƙi amsa mini. Ko wani laifi na yi?"

Raina ya ɓaci, na ji haushin fentin da mai fentin gaba ɗaya. Kafin in buɗe baki, Sabuwa ta fice a guje ba ko mayafi, ta faɗa gidana, don katangar nan ita ce ta raba mu. Inna ta riga ta nufi zaure sai wata murya ta taso daga bayan zanen, a dushe, irin ta tsofaffi, tana amsa sallama da yarensu na tunga, yaren Dandawa, tana ce mata maraba, ta iso.

Inna ta dawo. Ta tuɓe takalma ta ajiye gefe, ta zauna a gindin katangar, ta jingina kunci da koren ƙyauren.

"Inna," in ji ta, tana kiran uwarta, "na daɗe a hanya."

Daga can baya ina jin Sabuwa tana haɗiye kuka, tana tambayarta ko ta ci abinci.