Hannun Lallaɓa da Notin Sifirin

Kafin a buɗe ƙofar gareji Lallaɓa ya iso. Haka yake tun gashinsa na baƙi. Zai ajiye akwatin kayan aikinsa a gindin bango, ya ɗauki gwangwanin baƙin mai da ya sirka da kananzir, ya bi motocin da suka kwana ɗaya bayan ɗaya. Ya rarrafa ƙarƙashi, ya ɗiga wa duk notin da tsatsa ta ci, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, ya yi gaba. Ni ce mai sharar wurin. Tsintsiyata da gwangwaninsa tare suke fara aiki, don haka kada wani ya ce labari aka ba ni. Da idona na gani.

Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya yi wa ƙarfe dole. Aikinsa sifirin baya ne, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota. In an danƙara wa mota kaya har bayanta ya zauna kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu, wurinsa ake kawo ta. Su kuwa notin da ke riƙe da sifirin, ruwa da laka sun gama da su, sun zama abu ɗaya da ƙarfen. Direba zai leƙo ya ce, "Baba, yaushe zan dawo?" Shi kuma daga ƙarƙashi ya nuna notin ya ce, "Sai mun gama shawara da surukina. Yau dai ya ce ba ya jin magana." A yi dariya. Washegari notin ya kwance salin-alin.

Ku tambayi direban motar 'yan makaranta. Sifirinsa ya tsage, ya ce a ɗan yi masa walda ya lallaɓa. Lallaɓa ya ce, "'Ya'yan mutane kake ɗauka, ba buhuna ba. Ko a sa sabo, ko ka bar mini gareji." Direban ya zage shi tas, ya tafi, ya dawo da sabon. Ku tambayi masu motar ɗaukar gawa ta unguwa, wa ya kwanta ƙarƙashinta cikin ruwan sama don kada a kai mamaci yana tangal-tangal? Kai ne, Lallaɓa. Kai ne mai haƙuri da abin da ba ya jin rarrashi, mai ɗaga bayan da ya sunkuya.

To ga abin da aka saka masa da shi.

Wata motar kaya aka kawo, sifirinta duka biyu sun mutu. Lallaɓa ya ɗaga ta a jak, ya cire tayoyin baya, ya jiƙa notin hagu da na dama da mai, ya ce sai gobe. Mai motar ya hau tsalle, wai yana da kayan ɗauka. Maigareji ya fito daga ofis yana goge baki.

Ya ce, "Kai tsoho, wannan lallashin naka ya ishe ni. Mota ce ko amarya?"

Lallaɓa ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka matsa masa karyewa zai yi. A bar shi ya sha mai."

"Riƙe mini sifana ka gani."

Ya ɗauko dogon bututu ya zura a ƙotar sifanar. Lallaɓa ya kwanta ya riƙe bakinta a kan notin dama don kada ta zame, yana cewa a hankali, a hankali. Maigareji ya ɗora ƙafa kan bututun, ya hau da duk nauyin tumbinsa, ya yi tsalle. Motar ta girgiza, ta zame daga kan jak, ta sauko a kan hannun dama na bawan Allah. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Ɗankwalina na cire na naɗe masa hannun. Yatsu uku aka bari a asibiti.

Notin ma karyewa ya yi, kamar yadda ya faɗa. Na hagu kuwa, wanda aka bari ya kwana da mai, da safe wani bakanike ya sa masa sifana, juyi ɗaya ya biyo shi. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai.

Kafin Lallaɓa ya fito daga asibiti an gama da sunansa. Maigareji ya bi gari yana cewa tsufa ne ya kama shi, bai kafa jak daidai ba. Ya aika masa da akwatinsa gida, wai ya huta. Ya huta! Mutumin da bai taɓa bari mota ta faɗo wa kowa ba, yau shi ne sakarai a bakin 'yan shayi. Na je gaishe shi, na tarar yana koyon riƙe guduma da hagu. Na ce, "Ɗan'uwa, ka buɗe baki mana." Ya ce, "Yaya, yatsun dai sun tafi. Abin da ke ci na, a ce ban iya kafa jak ba." Ya juya fuska bango.

Shi ba zai yi magana ba, ni zan yi. Maigareji, ka tsaya a tsakiyar garejin nan, inda ka yi tsallen, ka faɗa da bakinka cewa kai ne. Ka mayar masa da gindin bangonsa. Hannu ɗaya ya rage masa, amma kunnen da ke jin lokacin da noti ya yarda yana nan. In ka ga dama ka karɓe tsintsiyarka, ba ita ta haife ni ba. Ku kuma da kuka tsaya kuna kallo ranar nan, kai mai motar, kai mai walda, kai direban 'yan makaranta da Lallaɓa ya hana ka kashe 'ya'yan mutane, me ya rufe muku baki? Tsatsa?

Lallaɓa, mun gode. Allah ya saka maka, ya huce maka ciwo. Masu tasowa a sana'ar nan, ku yi koyi da shi, kada gaggawar wani ta sa ku taka bututu alhali hannun mutum na ƙasa.

Ni ma na ɗauki darasi a wurinka. Kullum da safe ina share gindin bangon nan, ba na barin kowa ya ajiye ko taya. Sannan in je ƙofar ofis in ƙwanƙwasa, in ce, "Ina kwana, ranka ya daɗe. Wa ya hau bututu?" Ya yi kamar bai ji ba. Ba komai. Gobe ma ina nan tafe.